Sarauniyar da ta ɓace a wasan karta na bridge: faɗowa ko tarko?

Idan mai buga kwantiragi (wanda yake buga wasan a madadin ɓangaren da ya ci ciniki) da abokinsa suna riƙe da kati 9 na launin yanka (launin da yake cinye sauran launuka) amma Sarauniya tana wajen abokan hamayya, hanya biyu ce a gabansa. Yana iya buga As da Sarki a jere don ta faɗo, wanda yake yin nasara kusan kashi 53 cikin 100, ko ya buga As sannan ya ɗana mata tarko da Jak, wato ya saka Jak maimakon Sarki da fatan Sarauniya tana hannun wanda ya riga shi sakawa, wanda bai wuce kashi 51 da ɗoriya ba. Tazarar ƙarama ce ƙwarai, don haka ciniki, wato tayin da 'yan wasa suke yi kafin a fara buga kati, shi ne yake raba gardama. Idan ɗaya daga cikin abokan hamayya ya buɗe ciniki da mataki na 3, alamar kati 7 a wani launi, gurbi 6 kacal cikin katinsa 13 ya rage masa da Sarauniya za ta iya kasancewa, kuma a ganina tarko a kan abokin wanda ya buɗe ɗin ya fi.