GARGAƊI: Kwalba 12 ya sayar min, 'yan awakina 9 suka mutu

Masu kiwon awaki, don Allah ku tsaya ku karanta. Ina rubutun nan raina a ɓace yake. 'Yan awaki 14 nake da su a farkon watan jiya, yau saura 5. Tara sun tafi. Tara! Ɗaya bayan ɗaya, ina durƙushe a kansu da sirinji ina ɗura musu ruwan banza da na saya da kuɗin bunsuru biyu.

A wani zauren makiyaya na WhatsApp na san mutumin da ya sayar min da ruwan. Kowa Dakta yake kiransa, hotonsa da farar riga, kullum yana amsa tambayoyin mutane. Da nawa suka fara zawo, duk ba su wuce wata biyu ba, sai na ɗauki bidiyo na tura masa. Ko minti goma ba a yi ba ya kira ni.

Kada wani ya ce min ban yi hankali ba. Shekara takwas ina kiwo, na san lafiyayyar akuya da ido. Sai da na gwada shi. Abin da ya ci ni shi ne tambayar da ya yi, ya ce, "Hajiya, ja fatar idonsa ta ƙasa ki gaya min, ja ce ko ta yi fari?" Wallahi nan na saki jiki. Ai haka masana suke duba ko tsutsar ciki ta shanye jinin dabba, na san wannan tun da daɗewa. Ya kuma tambaya ko sun sha dakashi ranar da aka haife su. Wane ɗan damfara ne zai tambayi dakashi? Har yanzu muryar tana dawo min a kunne, "Hajiya, ja fatar idonsa." Ina wanke-wanke ina jin ta, na kwanta ina jin ta.

Sai ya yi shiru, ya ja numfashi, ya ce PPR ce, wata muguwar cutar awaki da tumaki mai saurin yaɗuwa, idan na kwana biyu garken duka zai ƙare. Amma yana da maganinta. Kwalba 12, har da allurar rigakafi ta manyan. A ranar na fitar da bunsuru biyu, waɗanda nake ji da su, na tura masa kuɗin gaba ɗaya. A'a, rabi na fara turawa, ya ce direba ba zai tashi ba sai an cika, na cika da yamma. Ko kuwa washegari da safe ne? Rasit ɗin dai yana wayata, duka biyun, zan sa su.

Kwalin ya iso bayan kwana uku, lokacin biyu sun riga sun mutu. Kwalabe 12 cike da wani ruwa rawaya-rawaya, takardar jikinsu an buga ta a kwamfuta an liƙa da gam, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa. Na kira na tambaya, eh na tambaya, ya ce daga waje yake shigo da shi a jarka yana rabawa. Mutum na kallon dabbarsa tana kuka ba ta iya miƙewa, me zai yi? Na ɗura. Safe da yamma na ɗura.

Akwai wata 'yar fara mai baƙin kunne, da kwalbar madara na shayar da ita saboda uwarta ta ƙi ta. A cinyata ta cika. Duwawunta duk zawo har da jini-jini, na ja fatar wuyanta ta tsaya cak ba ta koma ba, idonta ya faɗa. Na tura masa hoto ya ce maganin ne yake fitar da cutar, in ƙara kwalba 6. Kafin nan ma ya taɓa cewa in daina ba su ruwa da yawa. Ruwa fa, ga dabbar da zawo ya tsotse!

Da na bakwai ya mutu na ɗauki kashinsu da ɗaya mai rai na kai wa likitan dabbobi na gaske. Ya sa ma'aunin zafi, ba zazzaɓi. Ya buɗe bakin, ba gyambo. Ba majina, ba kwantsa, ba tari. Ya ce, "Hajiya, iyayensu fa?" Na ce lafiyarsu ƙalau. Ya duba kashin a madubin likita ya ce koksidiyosis ne, wasu ƙananan halittu da ke cin bangon hanji, sun fi kama masu sati uku zuwa wata biyar, musamman inda turke ya jiƙe ana taka kashi a abinci. Maganin tsutsa ba ya kashe su. Ya ba ni maganinsa, amproliyum, na kwana biyar da ruwan gishiri da sukari, ya ce in share turken in ɗaga kwanon abinci daga ƙasa. Biyu sun riga sun yi nisa, suka bi sauran. Biyar suka tashi.

Da na nuna masa kwalaben sai ya girgiza kai. PPR bairas ce, ba ta da magani, rigakafi kawai. Shi kuma rigakafin a busasshe yake zuwa cikin ƙanƙara, sai za a yi allurar ake haɗa shi da ruwansa, a gama da shi cikin 'yan sa'o'i. Nawa kuwa a dame ya zo, da ɗumi, kwana uku a mota. Kwalba 12. Bunsuru biyu. Ciwon da kwana biyar na magani ya isa.

Ba a gane ciwo ta bidiyo. Ku kai kashi a duba. Rigakafin da ba ƙanƙara kada ku karɓa.

Na rubuta a zauren, kafin awa ɗaya an goge saƙon an cire ni, shi kuma ya toshe lambata. Mutum biyu sun biyo ni ta gefe sun ce su ma PPR ya ce musu, su ma kwalba 12. Hirarmu, muryoyinsa, rasit biyu da hoton kwalaben duk na adana, ina haɗa su in kai ƙara, daga nan zan sa muku su a nan ku gani da idonku. Kwalba huɗu sun rage ban buɗe ba, suna nan a kwalinsu, su zan kai a gwada. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.