Binciken Shekarar Ƙarshe a Makarantar Likitanci: Yadda Na Ga Shirin

A galibin makarantun likitanci na Najeriya, ɗalibi ba ya kammala shekarunsa shida sai ya gabatar da aikin bincike a Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma ƙarƙashin kulawar malami. Na yi nawa a wani asibitin koyarwa da ke Arewa, kuma tun da hidima ce da makaranta ke yi wa ɗalibi, wadda take cin lokacinsa da kuɗin iyayensa, ina ganin ya dace a auna ta kamar kowace hidima. Hukuncina shi ne shirin yana da amfani ƙwarai, amma kusan dukan amfanin ya rataya ne a wuyan malamin da aka haɗa ka da shi, ɗalibi kuwa ba shi da ta cewa a wannan rabo.

Mu huɗu aka haɗa, aka ba mu batun shayar da nono zalla a tsakanin iyaye mata masu jarirai 'yan ƙasa da wata 6 a wani gari na karkara. Zamanmu na farko da malaminmu ya ƙare ne a kan lamba guda. Mun rubuta cewa za mu tambayi mata 384, kamar yadda muka gani a ayyukan waɗanda suka gabace mu, sai ya tambaye mu daga ina lambar ta fito, muka yi tsuru-tsuru. Ya zaunar da mu ya nuna mana cewa 384 tana fitowa ne idan mai bincike bai san yawan abin da yake nema ba, ya ƙaddara shi a kashi 50 cikin 100, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya riga ya nuna cewa kashi 29 ne na jariran Najeriya ake shayarwa da nono zalla. Da muka sake lissafi da wannan adadi, sai muka samu 317, sannan muka yi ƙari saboda waɗanda za su ƙi amsawa. Wannan darasi na rabin sa'a ya fi mini laccocin ƙididdiga da muka kwashe makonni muna kwafa.

Inda kulawar ta fi nuna darajarta shi ne takardar tambayoyi. Mun rubuta ta da Turanci muka fassara, tambayarmu ta tsakiya kuma ita ce: “Kina ba jaririnki nono zalla?” Malam ya ja mata jan biro, ya ce mu je mu gwada ta a kan mata goma a asibitin awon yara kafin mu sake zuwa ofishinsa. Kusan dukansu suka ce e, amma da hira ta yi nisa sai ga wadda take ba jaririnta ruwa saboda zafin bazara, ga wadda surukarta take ɗura wa yaron rubutu, kuma babu wadda ta ɗauki waɗannan a matsayin abin da ke karya “zalla”, domin a wurinsu ruwa ba abinci ba ne. Sai muka koma kan hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bi, wato a tambayi uwa duk abin da ya shiga bakin jariri a jiya, dare da rana, ana ambata mata su ɗaya bayan ɗaya. Da ba a tsayar da mu a nan ba, da mun tara ɗaruruwan amsoshi marasa ma'ana, mun ɗaure su da bango mai ruwan zinariya, babu wanda zai gane.

Neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike ya ci mana makonni, a lokacin kuma mun ɗauke shi ɓata lokaci. Malam bai yi mana doguwar nasiha ba, tuna mana kawai ya yi da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda ya shafi yara kimanin 200, guda 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi amincewar iyaye yadda ya kamata, har aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa sun fito ne a 2007. Mun fahimci nauyin maganar ranar da muka shiga gari, domin sai da muka gaida dagaci, ya haɗa mu da masu unguwanni, kuma a gidaje da yawa sai da maigida ya ji bayani kafin matarsa ta yi magana, sannan ita ma a karanta mata takardar amincewa da Hausa, ta dangwala yatsa idan ta yarda. 'Yan matan rukuninmu ne suka shiga cikin gidajen, mu maza muka tsaya a zaure.

Raunin shirin ya fara bayyana ne bayan mun dawo da takardu. An ce a yi amfani da manhajar kwamfuta ta ƙididdiga, SPSS ko Epi Info, amma babu wani zama na a-zo-a-gani da aka shirya a gaban kwamfuta, shi ya sa ɗalibai da dama suke kai bayanansu ga masu yin lissafi da kuɗi, su karɓo jadawalin da ba za su iya bayyana shi ba a ranar kare aiki. Mu mun tsira ne saboda wani likita mai neman ƙwarewa a sashen ya ba mu yammaci biyu don Allah, wannan kuwa alheri ne na mutum ɗaya, ba tsari ba. Haka nan kuɗin mota da na buga takardu da na ɗaurin littafi duk daga aljihun ɗalibi suke fita, aikin kuma yana faɗowa ne daidai lokacin da jarrabawar ƙarshe ta sako kai, hankali ya rabu biyu.

Sannan ga batun rabon malamai. Abokaina na wani rukuni sun kusa gama aikinsu ba su zauna da mai duba su fiye da sau biyu ba, ba don mugunta ba, sai don mutum ɗaya ne yake duba marasa lafiya, yake koyarwa, yake kula da masu digiri na biyu. Makin da suka samu bai yi nisa da namu ba, abin da suka koya kuwa ya yi. Da sashen zai ƙayyade mafi ƙarancin zaman da za a yi da ɗalibi, a riƙa sa hannu a kan kowane zama, da wannan giɓi ya ragu ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar aikin. Mun kare shi a gaban masu jarrabawa, aka ajiye kwafinmu a kabad tare da na shekarun baya, ba a tanadi hanyar mayar da shi maƙalar mujalla ba, ba a kuma sa komawa garin a cikin jadawali ba. Dagacin ya roƙe mu ranar da muka yi masa sallama da mu dawo mu gaya wa matan abin da muka gano, muka amsa masa da “in sha Allahu”, har aka rantsar da mu likitoci ba mu koma ba.