Ƙafar tarago: zubin baƙin ƙarfe da sitil, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a zauren nan cewa ka ga hoton tsohon taragon kaya na Amurka da wasu lanƙwasassun jijiyoyi a bayan ƙafarsa, na yanzu kuwa sumul suke, kana son sanin bambancin.

Wadda ka gani zubin baƙin ƙarfe ce, kuma ni ina ganin girman aikin da aka yi mata. Sinadarin kabon da ke cikinta ya haura kashi 3 cikin ɗari, na sitil bai kai ko kashi 1 ba. Yawan kabon ke sa ƙarfe tauri, amma sai ya riƙa fashewa maimakon lanƙwasa. Dabarar masu zubin ita ce su sa zoben ƙarfe a bakin mazubin, daidai inda ƙafar za ta taka dogo. Narkakken ƙarfe na taɓa zoben sai ya daskare nan take, ya yi fari fat da taurin da ko zarto ba ya ci. Cikin ƙafar kuwa a yashi yake hucewa a hankali, ya fito ruwan toka mai ɗan taushi, yadda za a iya huda shi a cusa sandar da ke haɗa ƙafa biyu. Ƙarfe ɗaya, hali biyu. Daga nan a jera su da zafinsu a rami, a rufe, su yi kwanaki suna hucewa. Jijiyoyin nan kuma ƙarfi suke ƙara wa faifan ƙafar.

Ƙa'idar ƙera ta a lokacin ba ta wasa ba ce. Faɗin da'irar ƙafa inci 33, nauyinta kuma gwargwadon kayan da tarago zai ɗauka. Akan zaɓi wata a sako mata nauyi daga sama, wata a kwarara mata narkakken ƙarfe kewaye da bakinta a ga ko za ta tsage.

Wannan gwaji na biyu shi ne ainihin maganar, domin birki ne ya kayar da ƙafar baƙin ƙarfe. Idan jirgi mai nauyi yana gangara, birki na gugar bakin ƙafa, bakin ya yi zafi ya buɗe, cikin yana nan da sanyinsa. Sitil yana jure wannan ja-in-ja, baƙin ƙarfe kuwa tsagewa yake yi. Ga shi idan ta cinye sai dai a mayar da ita tukunya a narke, alhali ta sitil mai kaurin baki ana iya feƙe ta a inji ta koma aiki.

Araha ce ta riƙe ta shekara da shekaru. Da taragu suka ƙara nauyi da gudu, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka ta hana sa ta a sababbin taragu a ƙarshen shekarun 1950, zuwa wajen 1970 kuma aka hana taragon da ke da ita ƙetarawa daga layin kamfaninsa zuwa na wani kamfani. Yawancin na yau a can ma zubi ne, amma na sitil.