"Currently" ko "Presently": Wacce Za Ka Rubuta?

Ɗalibai da yawa a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya, idan sun zo rubuta takardar neman aiki, sukan ɗauka kalmomin nan biyu duk ɗaya ne. Akwai bambanci.

"Currently" fuska ɗaya gare ta: yanzu, abin da ake ciki. "I am currently studying at ABU" na nufin karatun na gudana a halin yanzu, shi ke nan.

"Presently" kuwa baki biyu gare ta. A Turancin Ingila ta fi nufin "nan ba da jimawa ba". Idan ma'aikaciyar asibiti ta ce maka "The doctor will see you presently", koma kan benci ka jira, layi bai zo kanka ba tukuna. A Amurka, da nan gida Najeriya, an fi jin ta da ma'anar "yanzu". Aikatau, wato "verb" ɗin da ke cikin jimlar, shi ke raba gardama: in ka ga "will", gaba ake nufi, in "am", "is" ko "are" ne, to yanzu ne.

A takardar neman aiki gara ka ɗauki "currently", domin mai karantawa ba zai tsaya wasiwasi ba. Kada kuma ka haɗa ta da "now" a jimla ɗaya, maimaici ne kawai.