Ruwan famfo da ofishin 'yan ruwa: ko ya cancanci bil ɗin da ake biya?

Jama'a da yawa suna tambaya ko su ja famfon gwamnati ne ko su haƙura su ci gaba da 'yan ga-ruwa, toh ni dai ina da famfo a gida kuma ina biyan bil, bari in faɗi yadda abun yake a wajenmu, ba zan kama sunan hukumar ba, duk mai zama a manyan garuruwan Arewa zai gane.

Shi ruwan kansa in ya samu ya daɗe yana zuba wallahi ba laifi, garau yake fitowa, har kana jin ɗan warin kulorin ɗin nan da wasu ke ƙorafi a kai suna cewa warin magani yake. Ni kam in na ji warin nan hankalina ya fi kwanciya, don alama ce cewa maganin da aka zuba a matatar ruwa ya iso har gidanka bai ƙare a hanya ba. Hukumar lafiya ta duniya ma cewa ta yi ya kamata a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a inda ruwan ya isa ga mai sha. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda ba ya warin komai kuma ya zo da launi.

Matsalar tana farkon zuwansa. Tunda ba kullum ake kawowa ba, sai a ɗauke kwana da kwanaki, bututu ya zauna fayau ba komai ciki, kuma kowa ya san inda bututunmu suke bi, cikin kwata, gefen shadda, wani wajen ma an ɗaure fashewar da roba da leda kawai. In akwai ruwa ciki da ƙarfi shi ne yake tunkuɗo waje, amma da an ɗauke sai bututun ya koma yana zuƙo abun da ke kewaye da shi, shi yasa ranar da aka dawo da ruwa za ka ga na farkon ja ne ko ruwan ƙasa kamar kunun kanwa, wani lokacin har da ƙarni. Ga kuma masu injin jan ruwa da suke haɗawa kai tsaye da babban layi, su cika tankinsu su bar na ƙarshen layi da iska, su ma suna ƙara wannan zuƙon. Don haka ko a matata an tace shi yadda ya dace, an sa alif datti ya kwanta, an bi da shi ta yashi, an zuba kulorin, kafin ya iso lungunmu labari ya canza. Ƙa'idar ruwan sha da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ta fitar a 2007 cewa ta yi ko ƙwayar E. coli ɗaya, wato ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, bai kamata a samu a mililita 100 ba, ni dai tunda nake ban taɓa ganin an zo unguwarmu an ɗebi ruwa daga famfon gida an tafi gwadawa ba, kuma ban taɓa ganin an manna sakamakon gwaji a ofis ba. Kuma ba abun wasa ba ne, a 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, mafi yawa a jihohinmu na Arewa.

Sai ofis. A nan ne fa aka fi cin raina. Bil ɗinmu na ƙiyasi ne, ba mita, ko an kawo ruwa ko ba a kawo ba kuɗin wata ɗaya ne, kuma shi bil ba ya makara ko kaɗan. In ka je da ƙorafi za a karɓe ka da fara'a gaskiya, ba su da wulaƙanci, a ba ka kujera a rubuta sunanka a wani babban littafi a ce injiniya ya fita ka dawo, ka dawo a ce ba wuta a tashar tura ruwa ko man janareta ya ƙare ko ana jiran kayan aiki daga hedikwata. Lambar wayar da ke jikin takardar bil kuwa ka kira ta yi ta ringin har ta gaji. Akwai fashewar da ta yi ta malala a bakin titinmu har ciyawa ta tsiro a wajen, sai da mutanen layi suka haɗa kuɗi aka sayi kayan gyara sannan ma'aikatan suka zo, amma ranar yanke wa wanda bai biya ba motarsu da sassafe take isowa. Ka riƙe rasit ɗinka da kyau dan Allah, don sai ka biya wata na gaba ka ga bashin nan yana nan daram, in ba ka da takarda ba mai sauraronka.

Amma fa ƙananan ma'aikatan, masu haƙa da masu buɗe bawul, ina jinjina musu, cikin rana da caɓi suke aiki ba isassun kayan aiki, kuma duk wanda ya samu lambar mai buɗe layin unguwarsu ya fi wanda ya san manaja samun labari, shi zai gaya maka yau da dare za a sako ku tanadi bokitai. Abun da ya kamata ofis ya riƙa sanarwa kenan ko ta rediyo ko ta tes.

Kuma ni ban yarda matsalar rashin ruwa ba ce, ga Tiga ga Goronyo ga Bakolori ga Zoɓe ga Dadin Kowa, dam-dam ne cike da ruwa, wutar da za ta tura shi da bututun da za su kai shi lafiya su ne babu.

Ta ɓangaren kuɗi kuwa famfo ya fi ga-ruwa sauƙi nesa ba kusa ba, matuƙar yana zuwa ko da jefi-jefi ne kuma kana da tanki. Lita 1,000 jarka 40 ce ta mai lita 25, ka lissafa da kuɗin jarka na yanzu a unguwarku ka gani, balle lokacin zafi ko azumi da 'yan kura suke ƙara kuɗi, kuma su ma ba ka san daga wace rijiya ko burtsatse suka ɗebo ba.

Ni dai a maki biyar, ruwan na ba shi uku, ofis ɗaya da rabi. Wanda zai ja ya ja, amma ya tambayi maƙwabta tukuna ko layin yana kawowa, ya nemi a sa masa mita in akwai, kuma in an sako ruwa a bar na farkon ya zuba a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi. Na sha kuma a tafasa shi sosai ko a sa maganin kulorin nan WaterGuard a jira minti 30, alif kaɗai ba ya kashe ƙwayar cuta datti kawai yake kwantarwa, sannan a riƙa wanke tankin sama don shi ma yana tara laka a ƙasa.