Saitin wutar Land Rover Series III da na yi oda daga Ingila: na'ura ta yi, rota ta kunyata ni

Masu riƙe da tsohuwar Land Rover Series III mai injin fetur 2.25, waɗanda ke tunanin raba ta da kwantak ('yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa suna yanke wa kwayil wuta) su sa mata na'urar wuta ta zamani, ga abin da na gani a saitin nan da ake yayi, mai zuwa a kwali ɗaya: na'urar kanta, zoben maganaɗisu, murfin distiributa (mai raba wa filogi wuta), rota (ɗan hannun da ke juyawa a cikinta yana miƙa wutar), wayoyin filogi da kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar batir). Kuɗinsa kun sani, kun kuma san abin da kuɗin jirgi da na kwastan ke ɗora masa kafin ya iso hannu. Motar da aka ɗaura wa doguwar ce, wadda ake kira 109, distiributarta samfurin Lucas 45D.

Zan fara da yabo, don ita na'urar ba ta da laifi. Duk wanda ya zauna da kwantak ya san halinsa. Ratarsa a wannan inji tsakanin milimita 0.35 ce zuwa 0.40, amma ba ta zama inda aka ajiye ta. 'Yar dunduniyar da ke gogar kam, wato ƙullutun da ke kan sandar distiributa, tana cinyewa a hankali, in kuma ƙurar hunturu ta samu hanya ta cuɗe da giris, sai cin ya ƙara sauri. Rata na tsukewa taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa filogi, zai ja baya, mota ta yi nauyi a tudu, ta kama shan mai, da safe sai an yi ta kik. Ga kondensan kasuwar yanzu, abokin aikin kwantak, wanda sabo fil ma yakan fito da cutarsa. Na'urar nan ta kwashe duk wannan wahala. Babu abin da ke gogar wani a cikinta. Zobe ne mai maganaɗisu huɗu ke juyawa a kan kam, na'ura tana jin wucewarsu, tana yanke wa kwayil wuta a kan lokaci.

Ɗaurawa ba ta da wuya, sai dai takardar da suka jefo cikin kwalin ta tsallake ainihin abubuwan da ke kashe na'ura. A juya inji har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, wato ƙarshen hawansa, a bugun matsi, a tabbatar rota na kallon wayar filogi na ɗaya, sannan a cire kan batir. A fitar da kwantak da kondensa, amma kada a taɓa 'yar saƙaƙƙiyar wayar nan da ta haɗa farantin ciki da jikin distiributa, ita ce at ɗin na'urar, wato hanyar da wuta ke bi ta koma jikin mota, in ta tsinke ko ta yi laushi wuta za ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. A goge farantin tas, a shafa farin man da suka haɗo da shi a ƙasan na'ura, siriri amma ya rufe ko'ina, shi ke miƙa zafi cikin ƙarfe. A danna zobe ya zauna har ƙasa, in ba haka ba rota za ta yi tsayi ta ci murfi. Jar waya ta tafi ɓangaren + na kwayil, baƙa ta tafi ɓangaren −. Aka juya su ko na ƙiftawar ido, ta ƙone, kuma ba a gyara ta. A bar wa wayoyin ɗan sassauci a ciki, domin farantin yana motsi duk lokacin da bakum, wato zuƙar iskar inji, ya ja shi. Wayar da aka ɗame za ta hana shi motsi ko ta tsinke daga gindi. Kwayil kuma a auna shi da mita kafin a haɗa, irin wannan na'ura kwayil mai om 3 (ma'aunin turjiyar wuta) take so. Kuma kada a bar makulli a buɗe inji a kashe. Series III duk at ɗinsu a ɓangaren − na batir yake, amma mai Series II ko IIA ta kafin 1967 ya duba tasa da kyau, don waɗancan akasin haka aka yi su, kuma na'urarsu daban ce.

Bayan haka dole a sake taimin, da fitila ba da kunne ba, bututun bakum a cire a toshe. Littafin motar ya ba injin mai matsi 8:1 daidai ƙololuwa da fetur mai oktan 90, mai matsi 7:1 kuma digiri 6 kafin ƙololuwa. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, rota na juyawa akasin hannun agogo, ratar filogi milimita 0.75 zuwa 0.80.

Sakamako? Kik ɗaya ta tashi. Silo, wato gudun inji mota na tsaye, ya zauna, jijjigar nan da ke sa madubi rawa ta tafi, alamar taimin a ƙarƙashin fitila ta tsaya cak ba ta yawo. Da a nan na rubuta wannan sharhi, da na ce kowa ya ruga ya saya.

Ba a yi nisa ba, cikin zafin Afrilu, ta fito da wani sabon hali. Da sanyin safe lafiya lau. Inji na ɗaukar zafi, bayan tafiyar kamar minti 20 ko 30, a taka totur a ɗan tudu sai ta fara mis, tana fizga, salansa na tari. A ɗaga ƙafa ta ɗan daidaita. A ci gaba kaɗan sai ta mutu murus, kik na juyawa amma ko alamar kamawa babu. A buɗe bonet a bar ta ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Kowace rana kuma tazarar na raguwa.

Abin da ya sa wannan cuta ke cin kuɗi shi ne kamarta da matsalar mai. Duk wanda ya gani, famfon mai zai fara zarga, ko ya ce fetur ne ke tafasa a bututu saboda zafi, ko ya tafi ga kafireta. Ita kuwa kafiretar motar, Zenith 36IV, dama tana da tarihin da zai sa a zarge ta: fuskokinta kan ɗan lanƙwashe, zoben robar cikinta kan bushe. Sai a kwance ta, a wanke, a canja gasket, a mayar, mota ta tashi saboda ta riga ta huce ana cikin aikin, kowa ya ce an gano. Gobe ta sake. Wani bakanike a bakin titin Zariya ko kallo na biyu bai yi wa injin ba ya ce, "Alhaji, wannan abin Turawan da kuka sa ne, a cire shi a mayar mata da kwantak ɗinta." Kuma da an bi shi an mayar da kwantak tare da tsohuwar rota, da motar ta warke, na'ura ta ɗauki laifin da ba nata ba.

Gwajin da ya tona asiri bai kai minti biyar ba, amma sai an yi shi lokacin da motar ta mutu da zafinta. A zare babbar wayar da ta fito daga kwayil daga tsakiyar murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba, bakinta kamar milimita 6 daga jikin inji, wani ya yi kik. In wuta ta yi tsalle, shuɗiya mai ƙara, to na'ura da kwayil lafiyarsu ƙalau. Haka aka gani. Sai a cire murfi, a kawo bakin wayar nan kamar milimita 3 sama da tagullar rota, a sake kik. Lafiyayyiyar rota ba ta karɓar wuta a haka, domin wutar ba ta da inda za ta bi. Wannan kuwa sai ga wuta tana tsalle a kanta tas-tas-tas. Ma'ana ta samu hanya ta cikin robar zuwa sandar distiributa, tana zubewa ƙasa maimakon ta je filogi.

A ido babu abin da ya same ta. Baƙa wul, tana sheƙi, ba tsagewa ba ƙuna. Sai da aka raba ta biyu da zarto aka ga wani siririn layi mai launin toka, bai kai kaurin zare ba, daga ƙasan ƙusar da ta riƙe tagulla zuwa 'yar majanyin ƙarfen da ke kama sanda, yana ɗan warin ƙonannen roba. Ga sirrin kenan. An dasa tagullar da ƙusa ne, ƙusar ta nutse har ta kusa taɓa ƙarfen ƙasa, abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba. Robar kuma baƙin da aka cika mata yana rage mata ƙarfin tare wuta, zafi na ƙara raunana ta. Da sanyi tana iya jurewa. Da zafi, kuma a tudu inda matsin silinda ke sa filogi neman wuta mai ƙarfi, sai wutar ta zaɓi hanya mafi sauƙi. Da zarar ta huda sau ɗaya, layin ya zama gawayi, kullum ƙara buɗewa yake. Masu tsofaffin motocin Ingila, daga MG zuwa Triumph zuwa Mini, sun daɗe da sanin wannan ciwo na rota mai ƙusa. Wanda ke sayar da kayan waɗannan motoci kullum ba zai ce bai taɓa ji ba.

Nan ne raina ya ɓaci. Abu mafi araha a cikin kwalin shi ya kwantar da mota, ya jawo kuɗin wankin kafireta da ba ta buƙata, ya kusa sa a jefar da na'ura mai kyau. Da aka sa rota ta ƙwarai, irin jar nan da aka narka tagullarta cikin jiki ba ƙusa, ciwon ya tafi, bai kuma dawo ba ko a tsakar rana.

Na aika wa dillalin hoton rotar a tsage, da bayanin gwajin duka. Amsar farko ita ce wai in duba ko an haɗa wayoyi daidai, alamar ko karantawa ba a yi ba. Ta biyu, in mayar musu da rotar su duba, kuɗin aikawa a kaina. Kuɗin aika ɗan wannan abu daga Kano zuwa Ingila ya ninka kuɗinsa sau nawa? Sannan aka ƙara da cewa tunda an yanka ta, garanti ya faɗi. To in ba a yanka ba, ta ina za a ga layin? Ban nemi kuɗi ba. Cewa na yi su daina haɗa ta a saitin, ko su rubuta gargaɗi. Har zuwa lokacin da na rubuta wannan, hoton saitin da baƙar rotar yake.

Tunda abin ya kai haka, sai na koma na duba sauran kayan da idon zargi, kuma yabon da na yi niyya ya ragu. Murfin distiributa haƙoran cikinsa na alminiyam ne ba tagulla ba, har sun fara yin farin gari. Gawayin tsakiyarsa sifirin ɗinsa ba ƙarfi, a danna shi da yatsa sai ya yi jinkirin dawowa. Ƙugiyoyin da ke kama murfin ba sa matse shi sosai, yana ɗan motsi a hannu, a ƙasar da ƙura ke shiga ko'ina. Wayar filogi mafi nisa da ƙyar ta kai, a ɗame. Robar da wayoyin na'ura ke bi su fita daga distiributa ta yi wa ramin ƙanƙanta, sai da aka cike gefenta. Kwayil ɗin dai ya auna om 3 kamar yadda aka ce, ba ni da ƙorafi a kansa. Tsohon murfin motar, wanda ya girmi wasu masu karanta wannan, shi aka wanke aka mayar.

Wani abu kuma da tallarsu ba ta faɗa: na'ura ba ta gyara tsohuwar distiributa. Kwantak kawai ta maye. In sandar ta ɗan yi lilo, na'ura ta fi kwantak haƙuri da hakan, wannan gaskiya ne. Amma in nauyayan ƙarafan da ke ƙarƙashin faranti sun cije da tsatsa, ko sifirin ɗinsu ya saki, ko fatar bakum ta huje, mota za ta ci gaba da nauyi ko da wace na'ura. A murɗa rota da hannu ta ɓangaren da take juyawa, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta. A tsotsi bututun bakum, ya kamata faranti ya motsa ya tsaya har sai an saki. A ɗiga bakin mai kaɗan a saman sanda ƙarƙashin rota. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a fara da shi kafin a kashe kuɗin oda.

Kafin odar ma a karanta lambar da aka buga a jikin distiributa, kada a dogara da shekarar mota. An ƙera Series III a Solihull ta Ingila daga 1971 zuwa 1985, na farko-farko da 25D suka fito, na baya da 45D, wasu ma da Ducellier, kuma waɗanda suka yi aiki a nan arewa, na gwamnati da na gona, da wuya a samu wadda ba a taɓa canja mata wani abu ba a shekarun nan. Rota da murfi da na'urar 25D ba sa hawa 45D. Mai shirin sayen motar ma ya leƙa wannan lambar.

Na'urar ita kaɗai zan iya cewa a saya, ana kuma sayar da ita daban ba tare da sauran tarkacen ba. Saitin gaba ɗaya kuwa ban ba kowa shawara ba, don rabin abin da aka biya wa kuɗin jirgi da kwastan yana cikin kwali a gareji. Wanda ya riga ya saya ya juya rotarsa ya duba: in ya ga kan ƙusa a saman tagulla, ya cire ta tun ba ta ajiye shi a hanya ba, ya nemi maras ƙusa guda biyu, ɗaya a mota ɗaya a akwatin kayan aiki. Tsohon kwantak da kondensa ma a ɗaure su a leda tare da sukurorinsu da 'yar wayarsu a bar su cikin motar, domin ranar da na'ura ta mutu da gaske, su kaɗai bakaniken bakin hanya zai iya mayarwa.