Jika biyar a wata: Crunchyroll ko Netflix?

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, ɗauke wuta ne ya hana ni amsawa. Ka ce kana karatu a jami'a can Harobanda, salula kaɗai gare ka, jika biyar, wato sefa dubu biyar, kake iya warewa a wata, kuma kana son Solo Leveling, Jujutsu Kaisen, Sakamoto Days, sabon Bleach da Oshi no Ko, ga ƙannenka mata a gida sun hana ka sakat da finafinan ɗakin zanen Ghibli na Japan. Wanne za ka biya, Crunchyroll ko Netflix? To sai haƙuri. Abu shida ka lissafa, a gidaje daban-daban suke kwana. Ko da kuɗinka sun kai na babban ɗan kasuwar Katako, abonuma ɗaya ba zai haɗa maka su ba.

Dalilin yana can Japan. Yawancin anime, wato finafinan zane na Japan, kamar watanda ake yin su: mai buga manga (littafin labari cikin zane), gidan talabijin, kamfanin kiɗa, masu ƙera kayan wasan yara, kowa ya zuba nasa, in an gama kowa ya ɗauki kasonsa. Izinin nunawa a ƙasashen waje ɗaya ne daga cikin kason, kuma yanka shi ake yi ƙasa-ƙasa, harshe-harshe, na ƴan shekaru. Wanda ya fi taya shi ke ɗauka, sau da yawa da sharaɗin kada kowa ya nuna sai shi. Shi ya sa labari ɗaya kan rabu gida biyu. Tokyo Revengers ya fara a Crunchyroll a 2021, zango na biyu a 2023 sai ga shi a Disney+. Vinland Saga na 2019 na Amazon ne, ci gabansa na 2023 ya fito a Netflix da Crunchyroll. Mai kallo shi ke bin su da ƙoƙo a hannu.

Bari in fara da Crunchyroll tunda rabin zuciyarka na can. Abin dariya, shi kansa da kayan sata ya fara a 2006, mutane na ɗora abin da ba nasu ba, sai a 2009 ya tuba ya koma sayen izini. A 2021 Sony ya saye shi kan dala biliyan 1.175, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sayen ƙuli-ƙuli ba. Daga nan Crunchyroll ya haɗiye Funimation, wani gidan nuna anime na Amurka, ya haɗiye Wakanim na Faransa wanda da yawanmu muka sani saboda fassarar Faransanci. Wakanim ya rufe a ƙarshen 2023, Funimation a Afrilun 2024. Sony ɗin nan kuma shi ke da Aniplex, Aniplex ke da ɗakin zanen A-1 Pictures da ya yi Solo Leveling. Ka ga kenan gona tasu, rumbu nasu, kasuwa ma tasu. Kada ka zauna jiran ranar da sabon zangon Solo Leveling zai fara fitowa a wani gida.

Ƙarfin Crunchyroll shi ne sabo-sabo. Ana nuna kashi a Japan, cikin kamar awa ɗaya ya iso maka da rubutun fassara, abin da muke kira VOSTFR. Murya da Faransanci, wato VF, takan biyo baya da makonni, kuma ba kowane labari ke samunta ba. Duk wata uku, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, sababbin labarai da dama ke shigowa, kuma in ka duba sanarwarsu za ka ga sau da yawa Afirka na cikin yankunan da suka saya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. In kai mutum ne da ba ya son a riga shi a fada, wanda ransa ke ɓaci in wani ya ɓare masa labarin wanda ya mutu a Jujutsu Kaisen kafin a sauke shayi na biyu, nan ne gidanka. Rauninsa kuwa, ban da anime kusan babu komai. Ranar da Hajiya ta ce a sa mata wani abu, ba ka da abin ba ta. Kallon kyauta da suka saba bayarwa da talla ma tun 2022 suka fara janye shi daga sababbin kashi, kada ka ɗora lissafinka a kansa.

Netflix kuwa kanti ne mai komai da ruwanka, anime shiryayye ɗaya ne a ciki. Ya buɗe wa ƙasashenmu a Janairun 2016. Ba ya tara da yawa, zaɓa yake yi, amma abin da ya kama ya kama. Sakamoto Days tun Janairun 2025 nasa ne. Cyberpunk: Edgerunners da Pluto nasa ne. Finafinan Ghibli guda 21 ya ɗauke su a 2020 don duk duniya ban da Amurka da Japan, saboda haka ƙannenka a nan za su huta da kai. Wajen murya ma ya fi kula: abin da ya zuba kuɗinsa a kai yawanci da VF yake zuwa, kuma ga yarinyar da ba ta iya bin rubutu da sauri ba, wannan shi ne bambancin kallo da hamma. Laifinsa na da shi ne riƙe kaya. Masoya har suna suka sa masa, kurkukun Netflix. Waɗanda suka bi JoJo na Stone Ocean sun sha shi: kashi 12 a Disamban 2021, sannan shiru har Satumban 2022. Yanzu ya ɗan gyara, wasu yana sakin su mako-mako. Wani lokaci ma ana raba kaya, kamar Dandadan da ya fito a gidajen biyu a Oktoban 2024. Sai dai ka riƙe wannan: ganin abu a Netflix na ɗan'uwanka da ke Faransa ba ya nufin yana naka. Suna ɗaya, kaya daban.

Sauran biyun ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Sabon Bleach da ya fara a Oktoban 2022 Disney ne ya kama shi. Da Disney+ ya shigo nahiyarmu a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewa ya nufa, Nijar ba ta cikin jerin. Oshi no Ko kuwa, da ya fara a 2023, a Amurka wani gidan anime mai suna HIDIVE ne ya samu, wanda a ƙarshen 2023 ya tattara ya bar yawancin duniya sai ƴan ƙasashe masu Turancin Ingilishi. A Faransa wani gidan mai suna ADN ne ya samu, shi kuma don kasuwar Turai aka gina shi. Kada ka sa wa ko ɗaya daga cikinsu tamma sai ka ga da idonka kashin yana buɗewa a kan layinka na nan. Wasu za su ce maka VPN, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga. Na gwada. Rezon da dama yake ɗingishi ka ƙara masa kaya, katin bankinka na cewa Yamai alhali allo na cewa Paris, kuma ya saɓa wa ƙa'idar da ka amince da ita. Ni dai na bari. Don ka rage zafi, Manga Plus na kamfanin Shueisha kyauta ne kuma halal, yana da sashen Faransanci, yakan buɗe babi uku na farko da uku na ƙarshe na labarai da yawa.

Yanzu ga inda nake ganin ka yi kuskuren lissafi, kuma kusan duk mai irin tambayarka nan yake tuntuɓe. Ka ɗauka kuɗin abonuma shi ne kuɗin kallo. A Yamai kuɗin kallo uku ne: abonuma, forfe na intanet, da abin da kati ke ci. Jika biyar ɗinka ba ta kai Yuro 8 ba, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Game da abonuma, kada farashin da ƴan Faransa ke faɗi a bidiyonsu ya tsorata ka. Crunchyroll ya rage kuɗi a ƙasashe kusan ɗari a Yulin 2022, Netflix ma ya rage a ƙasashe da dama har da na kudu da Sahara a Fabrairun 2023. Farashin da ya shafe ka shi ne wanda zai fito maka a allo in ka buɗe daga nan.

Forfe shi ne kuran da ke cikin garken. Kashi ɗaya kamar minti 24 ne, zango mai kashi 12 ya kusa awa biyar. Netflix da kansa ya ce hoto mai kyau sosai kan ci har jiga (GB) 3 a awa, matsakaici kamar 0.7, in kuma ka sa salula a kan tsimin data jiga ɗaya kan kai ka wajen awa shida. Yi lissafin da kanka. Zango ɗaya tak, wajen jiga 14 in ka saki hoto yadda ya ga dama, kamar 3 da rabi a matsakaici, ƙasa da jiga ɗaya in ka tsuke. Labari ɗaya, salula ɗaya, amma bambancin ya fi ninki goma. One Piece da ya haura kashi 1,100, awa ɗari huɗu da wani abu kenan, ka ga ko a tsuke sai an yi shiri. A allon da bai fi tafin hannu ba, wallahi ban ga abin da babban hoto ke ƙara min ba in ban da zafin batir, rubutun fassara kuwa ras yake fitowa ko ka rage. Crunchyroll ma yana da wurin rage ingancin hoto, ka neme shi tun ranar farko. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, duba nawa jiga ke tsaya maka, ka ninka da awannin da kake kallo, za ka ga wa ke cin wa.

A nan ne maganar saukewa ta zama babba. Ƙaramin tsarin Netflix na salula, mai hoto 480p da na'ura ɗaya, yana barin ka sauke ka ajiye. Ka samu wifi a wurin aiki ko gidan wani yaya mai Starlink, ko forfe na dare in layinka na da shi, ka cika salula, ka kalla a tsakar gida lokacin da zafin Afrilu ya kore ku daga ɗaki kuma babu wuta. A Crunchyroll, tsarin Mega Fan shi ne wanda aka sani da saukewa da kuma na'ura huɗu a lokaci guda, ya kuma fi ƙaramin tsarin Fan tsada. Amma huɗun nan alheri ne: ku huɗu a ɗakin kwanan ɗalibai ku yi karo-karo, kason kowa ya sauko. Netflix tun 2023 ya tsananta kan raba asusu da wanda ba gida ɗaya kuke ba, saboda haka wannan dabarar ta fi tafiya lafiya a wancan ɓangaren.

Katin banki kuma, yawanci sai mai Visa ko Mastercard, galibi irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi. Akwai kuɗin yin sa, akwai na zubawa, akwai ɗan abin da ake yanka wajen canji. Tambayi duka ukun kafin ka karɓa. Ka kuma bar ɗan rara a ciki, don in ya gaza da ko dala biyu ne biyan ba zai wuce ba. Masu tallar "profil" da araha a WhatsApp kuwa, na taɓa faɗawa hannun wani. Kwana tara na yi ina jin daɗi, rana ta goma aka canza lambar sirri, lambarsa kuma ta daina shiga. Araha ba ta ado. Masu tura fim a katin memori a kasuwa duk mun san su, da su muka girma, ba zan yi maka wa'azi ba, illa dai ko tamma ba ta komawa ga waɗanda suka zana abin.

Wani abu da ya kamata ka sani game da gidajen biyu: haya kake yi. Lokacin da Funimation ya rufe, waɗanda suka mallaki kwafin intanet na finafinai a can ba su tarar da su a Crunchyroll ba. Izini in ya ƙare, labari kan ɓace daga jerin ko kana tsakiyarsa. Saboda haka ban ba ka shawarar biyan shekara guda gaba ɗaya ba, ko da ya fi sauƙi a takarda.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Taura biyu ba ta taunuwa, musamman da jika biyar. Babu ɗayansu da ke ɗaure ka, wata-wata ne, kana iya tsayarwa ka dawo. Crunchyroll zan riƙe a watannin da abin da nake bi ke fitowa mako-mako, mu huɗu a kan Mega Fan, hoto a rage, sauran kuɗin su tafi forfe. Netflix kuwa kayansa ba sa saurin gudu kuma ba a cika ɓare maka su a fada ba, sai in bar su su taru. In an yi babban hutu ka koma gida, tsayar da Crunchyroll, ɗauki Netflix na wata ɗaya ko biyu, ka share Sakamoto Days a mako guda, ka miƙa wa ƙannenka salular su sha Ghibli. In da talabijin mai intanet a gida kuma Alhaji zai sa hannu, ɗauki tsarin da ya fi na salula, don wancan ba ya hawa babban allo. Ranar da ka biya, a ranar ka shiga ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Watan da ka biya zai ci gaba har ƙarshensa, ba za su taɓa katin ba sai ka koma da kanka. Bleach kuwa ka cire shi daga lissafin bana.